Wasan Rijiya Tara a Gidan Madam Zalihatu

Inusa Jibo ya yi shekara goma sha ɗaya yana buga takardu a buron wani porje na noman rani a Jiratawa. Da porjen ya ƙare a 2004, Nasarun da ke tafiyar da shi suka raba wa ma'aikata kayan buro. Direba ya samu kujeru, mai gadi ya samu firij da ba ya sanyi, shi kuma aka bar masa ordinatar ɗin da yake aiki da shi, wato kwamfuta, wani ƙaton akwati mai ruwan toka da ekran mai ƙusumbi kamar na talabijin. A aljihun teburin ya tarar da sede huɗu, fayafayan nan masu ƙyalli, cikin kwali, wani injiniya ne ya manta da su ya koma ƙasarsu.

Da ya saka su a gida, sai ya ga wasa ne. Ba na harbi ba ne, ba na tseren mota ba. Kai ne za ka haɗa ayarin mutum shida, ka raɗa musu suna, ka zaɓar wa kowa sana'arsa, sannan ku shiga wata ƙasa da fari ya cinye kuna neman rijiyoyi tara da kakannin mutanen suka rufe. Duk garin da kuka sauka akwai mutane, kowa da maganarsa a rubuce da Faransanci, a ƙarƙashi kuma amsoshi uku ko huɗu ka zaɓi ɗaya. Abin da ka zaɓa shi ne zai bi ka. Ko faɗa ne ya tashi, wasan ba ya gaggawa, sai ka yi naka motsin sannan abokin gaba ya yi nasa. Kana iya tashi ka yi salla ka dawo ka tarar da takobi yana jiranka a sama.

Inusa ya taɓa shi na ƴan watanni, ya kai rijiya ta biyu ya bari. Ya buɗe shagon buga takardu a Sabon Gari da sababbin injuna, tsohon kuma ya zauna a kusurwar ɗaki a gidansu na unguwar Zariya cikin Maraɗi, an rufe shi da zane.

Matarsa Zalihatu malama ce a wata lakwal ta firamare a Tsibiri. Kowa Madam yake ce mata, har shi mijin. Shekara ashirin da takwas tana bin hanyar nan, safe ta tafi, yamma ta dawo da alli a hannun riga. Mace ce da ba ta iya ganin rubutu ta wuce, ko takardar da aka ƙunso tsire ce sai ta warware ta karanta. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, yana ci a hankali. Idon hagu ya fara tafiya, bayan shekara biyu na dama ya bi shi. Ta bar aiki kafin lokacinta.

Ƴaƴansu sun watse, biyu suna gidan aure, autarsu Fadila tana aikin ordinatar a wani kamfani a Yamai. Madam ta koma zama kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, amma ta daina magana sai abin da ya zama dole. An sayo mata rediyo, ta ce surutunsa ya yi mata yawa kuma ba ya jiran amsa. Tsofaffin ɗalibanta sukan zo gaisuwa, su zauna kaɗan su rasa abin faɗa.

Wata Asabar bayan la'asar Inusa yana gyaran ɗaki ya yaye zanen nan. Don gwaji kawai ya jona waya ya danna. Injin ya yi tari, fankar cikinsa ta fara gurnani, can sai ga kiɗan farkon wasan.

Daga waje Madam ta ce, "Malam, mi ne wanga?"

"Tsohon wasan nan ne na Jiratawa. Ashe yana da rai."

"Mi yake cewa?"

Ya karanta mata layukan farko da Faransanci. Bai kai ƙarshe ba ta tsayar da shi.

"Faransancinka yana soke mini kunne. Faɗa mini da Hausa."

Ya juya mata. Wata tsohuwa ce a bakin ƙofar gari take tambayar baƙi ko sun zo da ruwa. Amsa uku ce: ka ba ta, ka hana ta, ko ka tambaye ta sunanta tukuna.

"Tambaye ta sunanta," in ji Madam. "Wa ke ba mutum ruwa bai gaishe shi ba?"

Ta laluba bango ta shigo ɗakin ta zauna bakin gado. Ranar sai kiran magariba ne ya tashe su.

Suka soma daga farko. Ita ta raɗa sunayen ayarin: maƙeri, maharbi, malami, ɗan kasuwa, wata mai magani da ta sa wa Atika, sunan ƙanwarta da ta rasu, sai jagorar tafiya, wadda ta ce a bar ta ba suna, ita ce. Kullum Inusa yakan rufe shago da la'asar ya dawo. In akwai kuran, wato wutar lantarki, su yi awa biyu, in babu su zauna su yi shawarar abin da za su yi gobe. Shi ne ido da hannu, ita ce mai hukunci. In ya juya kalma ba daidai ba, sai ta ce ya karanta ta yadda take, harafi-harafi, ta gyara masa kamar ɗan aji uku. Taswirar ƙasar duk tana kanta. Yakan ɓace a cikin kogo yana kallon ekran, ita ta ce, "Ka yi hagu sau biyu, ka koma inda muka bar jakin."

Ba ta yarda da gaggawa. Duk mutumin da ke cikin gari sai an yi masa magana, duk littafin da aka tsinta cikin kango sai an karanta mata shi. Wata rana maharbinsu ya faɗi a faɗa da ƴan fashi. Inusa ya ce ai ana iya komawa inda aka ajiye wasan jiya, a sake faɗan. Ta ce a'a, ita ta tura shi gaba ba sulke, ita za ta ɗauki abin. Kwana biyu ba ta so a kunna injin ba.

Maƙwabta sun yi ta magana, wai dattijo da furfura ya koma wasan yara. Yayansa Ilyasu da ke noma a Jiratawa ya zo ya gani da idonsa. Ya zauna ya ji Madam tana ciniki da wani sarkin ruwa a kan fursunoni goma, tana ɗaga murya, tana dariya. Da Inusa ya raka shi bakin titi, Ilyasu ya ce, "Ban gane abin ba, amma kada ka bari."

Shekara uku suka yi a haka, suka buɗe rijiya bakwai.

A bazarar da ta biyo baya abubuwa biyu suka zo tare. Ƙafafun Madam suka kumbura, likita ya ce ƙoda ce ta gaji, ya rubuta magani, ya kira Inusa gefe ya yi masa maganar da ba a yi a gaban mara lafiya. Mako biyu bayan haka, wata Talata da rana, aka kawo kuran da ƙarfi. Inusa ya dawo ya tarar da warin ƙonewa a kusurwar ɗakin. Ya danna, ya sake dannawa, shiru.

Ya ce wa Madam yau kansa ke ciwo. Washegari ya ɗaure akwatin a bayan babur ɗin kabu-kabu ya kai wa Bilal, mai gyaran injuna kusa da babbar kasuwa, wanda aka ce ba abin da ke gagarar sa. Bilal ya kwance murfin, ya duba, ya hura ƙura, ya girgiza kai.

"Baba, wanga injin ya girme mini aikina. Uwar allon ta ƙone. Irinta ba a Maraɗi, ba a Katsina, ko Kano ban yi maka alkawari ba."

"To wasan fa? Ba a sa shi cikin sabon inji?"

Bilal ya juya sede ɗaya a hannu. Ya gwada a nasa injin, ya ƙi tashi. Ya tambaya wane irin wasa ne, Inusa ya yi masa bayani. Bilal ya saurara da ladabi.

"Na ji ana yin irinsu har yanzu a waje, kaɗan-kaɗan. Amma sai inji mai tsadar mota, da intanet mai ƙarfi. Mu nan kowa salula ce. Ka duba can." Ya nuna benci a ƙofar shago inda wasu samari ke duƙe kan wayoyinsu, yatsu suna rawa. "Minti goma an kashe ka ko ka kashe, a sake. Wa zai zauna karatun shafi uku don ya gaida tsohuwa?"

Inusa ya dawo da akwatin ya mayar da shi wurinsa. La'asar ta yi, Madam ta ce a tayar da ita zaune, aka jingina ta da matashi.

"Ina muka tsaya? Mun fito daga rijiya ta bakwai, muna bin hanyar gabas."

Ya buɗe baki zai faɗa mata. Ya kalli fuskarta, ta rame, amma ta juyo da kunnenta wajen injin kamar kullum. Sai ya ja kujera ya zauna gaban baƙin ekran, ya ɗora yatsu kan maɓallan kilabiye ya danna.

"Mun iso wani gari," ya ce. "Akwai ganuwa, rabinta ta zube. Wani mutum yana zaune ƙarƙashin gawo yana saƙar igiya."

"Gaishe shi."

Haka ya fara. Da safe a shago, tsakanin takardar neman aiki da ta sayar da fili, yakan rubuta a bayan wata takarda abin da zai faru da yamma. Bai taɓa ƙaga labari ba a rayuwarsa, sai ya riƙa ɗebowa daga abin da ya sani. Garin ya samu kasuwar Laraba. Sarkin garin ya yi kama da wani shugaban manoma da ya sani a Jiratawa, mai son a roƙe shi sau uku. Aka yi rikicin rabon ruwa tsakanin masu gonar sama da na ƙasa, Madam ta yi kwana huɗu tana sasanta su. Duk abin da ta ce, sai ya danna maɓalli, ya ɗan yi shiru kamar yana karantawa, sannan ya amsa. Wani lokaci takan yi tambayar da bai shirya mata ba, sai ya ƙaga amsa nan take.

Ran kwana na goma sha tara, ayarin ya sauka gidan wata gwauruwa. Inusa ya ce ta kawo musu kunun tsamiya da ƙosai.

Madam ta yi murmushi. "Malam, yaushe Nasara suka san kunun tsamiya?"

Inusa ya ci gaba da danna maɓalli.

"Bar danna abin nan, ka huta. Injin ya daina numfashi tun ranar Talatar da kuran ya zo da ƙarfi. Shekara uku ina jin gurnanin fankarsa, kana tsammani ban san ya tsaya ba? Idona ne ya tahi, ba kunnena ba."

Inusa ya sauke hannuwansa kan cinya. "Domi ba ki ce komi ba?"

"Kai domi ba ka ce ba?" Ta miƙo hannu, ya kama. "Na so in ji inda za ka kai mu. Kuma naka ya fi sakin mutum. Na mutanen can, amsa uku ce ko huɗu, ko ba ka son ko ɗaya sai ka ɗauka. Kai kuwa abin da na ga dama nake faɗi." Ta numfasa. "Amma ban ɓoye maka, ina so in san abin da ke rijiya ta tara. Ta gaskiyar. Mun yi tafiya da yawa."

A ranar ya kira Fadila. Bai taɓa gaya mata injin ya mutu ba, kuma bai gaya mata duk abin da likita ya ce ba. Yanzu ya faɗa mata duka biyun. Ta ce kada ya bari kowa ya taɓa faifan ajiyar da ke cikin akwatin, tana zuwa.

Sai da ta yi kwana shida kafin a sake ta daga aiki. Motar Yamai ta sauke ta Maraɗi an riga an kwantar da uwarta asibiti. Fadila ta raba kanta biyu, rabi a bakin gado, rabi a gida da ƙaramin ordinatar ɗinta da wayoyin da ta aro. Faifan bai ƙone ba. Ta kwashe wasan da inda suka tsaya, ta nemo wata manhaja da ke sa sabon inji ya yi kamar tsoho. Kwana biyu abin yana ƙi, hoto ya fito ba rubutu, rubutu ya fito ba sauti. A rana ta uku da hantsi ya tashi.

Suka kai shi asibiti, suka ɗora kan kujera kusa da gadon. Da kiɗan ya fara, Madam ta buɗe idanun da ba sa gani.

"Auta, ke kika tashe shi?"

"Ni ce, Inna."

"Allah shi yi miki albarka. Malam, karanta."

Hanyar gabas ta gaskiya ba ta kai gari ba, wani fili ne na gishiri da ayarin raƙuma da suka ɓace. Inusa ya juya mata maganar madugun, ya jero amsoshi. Ta zaɓi ta biyu da murya ƙasa-ƙasa. Ya karanta na gaba. Da ya jero amsoshin bai ji komai ba, ya duba, ta yi barci. Suka jira har azahar, sannan Fadila ta rufe injin.

Ba ta sake samun ƙarfin saurare ba. Ta rasu ranar Juma'a da safe. Mutanen Tsibiri sun zo jana'iza mota-mota, manya da gemu suna cewa ita ta koya musu rubuta sunansu.

Fadila ta dawo sadakar arba'in. Bayan baƙi sun watse ta ce, "Baba, mu ƙarasa mata." Da farko ya ƙi. Kashegari da kansa ya ce ta kunna. Kwana tara suka yi, shi yana karantawa, su biyu suna gardamar abin da Madam za ta zaɓa. Bayan ta takwas, suka tarar rijiya ta tara tana ƙarƙashin garin farko, bayan gidan da ayarin ya fara kwana. Da aka buɗe ta ruwa ya hau, aka rubuta abin da ya samu kowane mutum na ayarin, layi biyu-biyu. Na jagorar ya ce ta ƙi sarauta, ta zauna tana koya wa mutane haƙar rijiya har ta tsufa. Inusa ya karanta da Faransanci a zuci, ya fara juyawa da Hausa da ƙarfi, ya kasa kai ƙarshe. Ya tashi ya fita tsakar gida.

Kafin ta koma Yamai, Fadila ta nemo wani dandali a intanet na masu son wasan. Ta rubuta musu labarin iyayenta, ta tambaya ko za a iya mayar da shi Hausa. Bayan mako biyu wani dattijo ya amsa, ya ce yana cikin waɗanda suka rubuta maganganun wasan yana saurayi. Kamfanin ya rushe tun da daɗewa, an sayar da haƙƙin hannu zuwa hannu har ba wanda ya san mai shi yanzu. Su da suka rage a dandalin ba su kai arba'in ba, ƙaraminsu ya haura shekara arba'in, kuma duk shekara sai an yi sanarwar rasuwar wani. Ya ce bai taɓa jin an buga wasan da kunne ba. Ya turo mata duk rubutun a jere, layi dubu sittin da ɗoriya, da bayanin yadda ake saka wani harshe. Ya ƙara da cewa haruffan wasan ba su da masu lanƙwasa irin na Hausa, sai ta zana su da kanta.

Ta zana su. Inusa ya fara aikin juyawa, yana aika mata da murya ta waya, ita tana bugawa. Gidan Zariya ya yi masa faɗi, ga shagon ma ba ciniki, kowa yana buga takardarsa a salula. Ya sallami shagon, ya bar gidan a hannun babbar ɗiyarsa, ya koma Jiratawa wajen Ilyasu yana taya shi lura da albasa da zogale. Can ma ya ci gaba, bayan la'asar, a gindin mangwaro, da takardun da Fadila ta buga masa.

Wata huɗu ya yi, ya gama garin farko da rijiya ta ɗaya, sannan ya tsaya. Ya ce wa Fadila kalmomin suna yi masa gardama, in ya juya sai ya ji ba su zauna ba, kuma ba wanda zai tambaya. Ba ta matsa masa ba. Ta haɗa abin da aka samu ta saka a intanet kyauta, da bayanin cewa daga rijiya ta biyu wasan zai koma Faransanci.

A wata uku mutum bakwai suka ɗauka. Ɗaya daga cikinsu, wani ma'aikacin jinya a Damagaram, ya rubuto da Hausa. Fadila ta kira ubanta ta karanta masa: ya ce bai taɓa ganin wasa ya yi masa magana da harshensa ba, shi da matarsa suke yi, sun kai inda Hausar ta ƙare, ina sauran?

Inusa yana tsaye a bakin kwalbatin ruwa, ƙafafunsa duk laka. Ya ce ta sake karanta masa, ta sake.

"Mi zan ce masa, Baba?"

Ilyasu yana kiransa daga can ƙarshen fadama, ruwa ya kai kwamin ƙarshe a zo a toshe.

"Ki ce masa ya yi haƙuri sai an cire albasa," in ji Inusa. "Ki ce ina gaida matarsa."

Ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki fartanya ya nufi wajen yayansa.